Laifin Wa Ne In Ƙasa Ta Koma Kasa?

Duk wanda ke karanta saƙonnin Hausa da ke yawo a wayoyinmu, ko sanarwar da ake mannawa a allunan tsangaya, ko ma wasu jaridun intanet, ya saba da wani abu da bai kamata a saba da shi ba. Ƙasa ta koma kasa, baƙi sun koma baki, ɓari ya koma bari, faɗa ya koma fada. Malamanmu kan girgiza kai su ce ƴan zamani ba su san ƙa'idojin rubutu ba, ko sun sani amma lalaci ya hana su bi. Akwai ƙamshin gaskiya a cikin wannan zargi, amma ra'ayina shi ne mafi yawan laifin yana wuyan na'urar da muke rubutu da ita da kuma waɗanda suka tsara ta. Haka kuma gyaran wannan al'amari aiki ne na masu nazarin harshe, kamar yadda yake aikin injiniyoyi.

Masu ƙera manhaja suna da wata ƙa'ida da ya kamata mu aro. A 1988 Don Norman, masani ɗan Amurka, ya wallafa littafi a kan yadda ake tsara kayan amfanin yau da kullum, ya kuma yi misali da ƙofa. In mutane da yawa suna tura ƙofar da ya kamata a ja, to maƙerin ƙofar ne ya yi kuskure, domin ya sa mata mariƙin da ke yaudarar hannu. A 1994 kuma Jakob Nielsen ya fitar da ƙa'idoji goma na auna sauƙin amfani da manhaja, ɗaya daga cikinsu tana neman manhaja ta yi magana da harshen mai amfani da ita, ta bi abin da ya saba da shi a rayuwarsa. Da wannan ma'auni, in dubban Hausawa masu ilimi suna zubar da ƙugiyar baƙaƙe a kowace rana, abin da ya dace a fara bincika shi ne ƙofar da aka ba su.

Baƙaƙen nan sun sha gwagwarmaya da na'ura tun kafin a haifi kwamfuta. A ƙa'idojin da Hanns Vischer ya tsara a 1912 da ƙamus ɗin Bargery na 1934, da alamomi irin su ɗan wakafi na sama ko ɗigo a ƙarƙashi aka bambanta su.  Sai a shekarun 1930 ne ɓ da ɗ da ƙ masu ƙugiya suka zauna a littattafan da ake bugawa a Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 ta kai su ko'ina. A wannan ɓangare namu, taron masana na Bamako a 1966 ya duba rubutun Hausa tare da wasu harsunan yankin, makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa ta buɗe a Damagaram a 1973, sannan a 1999 gwamnati ta fitar da dokokin da suka tsayar da baƙaƙen Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Tamajak. A nan ne ƴ ta samu gindin zama a rubutunmu, alhali maƙwabtanmu na Najeriya suna rubuta 'y.

Akwai wani labari da ya shafi wannan birni kai tsaye. A 1978 hukumar UNESCO ta tara masana a nan Yamai, suka fitar da jerin baƙaƙe na bai ɗaya domin harsunan Afirka. A 1982 Michael Mann da David Dalby suka sake fasalin jerin, suka kuma ba da shawarar madannan tafireta masu ɗauke da sunan Yamai. Tun da maɓallan tafireta ƙididdigaggu ne, sai suka sadaukar da manyan baƙaƙe gaba ɗaya domin sababbin su samu wuri. Madannan ba su karɓu ba. Darasin a bayyane yake: tsari, komai ingancinsa a idon masani, in ya nemi mai rubutu ya bar abin da hannunsa ya saba, ba zai yi nisa ba.

Kwamfuta ta kawar da wancan ƙunci na tafireta. Tun farkon shekarun 1990 tsarin Unicode ya ba kowane baƙi namu lambarsa, babba da ƙarami. Ke nan babu wata na'urar zamani da za a ce ba za ta iya riƙe ƙ ba. Abin da ya rage shi ne hanyar da ɗan yatsa zai bi ya kai gare ta, kuma a nan aka bar mu a baya. Kwamfutocin da ke ofisoshinmu da shagunan buga takardu na unguwanni suna zuwa ne da madannan Faransa, waɗanda ake kira AZERTY. A kansu é da è da ç da à kowanne yana da maɓallinsa, har ù, wadda kusan a kalma ɗaya tak Faransanci ke amfani da ita, tana da nata. Ƙ kuwa, wadda ke cikin ƙasa da ƙarfi da ƙauye da ƙarshe, sai ɗalibi ya buɗe akwatin alamomi, ya gangara cikin ɗaruruwan baƙaƙe yana lalube, ko ya haddace lambarta 0199, ko ya ajiye ta a gefe yana kwafowa yana liƙawa. Kundin digiri mai shafi ɗari zai buƙaci haka sau dubbai. Windows na da madannan Hausa a cikinsa, amma an gina su ne a kan tsarin QWERTY da ake amfani da shi a Najeriya, saboda haka ɗan Nijar da ya kunna su zai danna a ya ga q. Wanda aka ɗora wa wannan wahala, in ya gaji ya rubuta k, ai ba a kira shi malalaci ba.

In an samu an shigar da baƙin, sai matsalar zubin haruffa ta taso. A cikin Unicode, ƙ da ƴ suna zaune ne a wani rukuni na ƙarin baƙaƙen Latin, su kuwa ƙananan ɓ da ɗ suna rukunin alamomin furuci na duniya, waɗanda muke koyo a darasin ilimin furuci. Mai zana zubi a Turai yakan ɗauki rukunin da kasuwarsa ke buƙata ya bar sauran. Sakamakon haka ne muke ganin kalma kamar ɗalibi a shafin intanet, ɗ ɗinta ta fi sauran tsawo ko kauri domin na'ura ta aro ta daga wani zubi dabam, ko kuma ɗan akwati fanko ya tsaya a madadinta. Edita da ya ga shafinsa ya yi muni haka yakan zaɓi ya cire ƙugiyar baki ɗaya. Alhali maganin kyauta ne: zubin Charis da Andika na ƙungiyar SIL, da Noto na kamfanin Google, duk suna ɗauke da baƙaƙenmu cikakku. Abin da ake buƙata daga mai tsara shafi shi ne ya gwada jimla ɗaya mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kafin ya zaɓi zubi.

Tsofaffin malamanmu suna tuna lokacin da ake ƙera zubi na gida, a ɗauki wani maɓalli da ba a cika buƙata ba a zana masa siffar ɗ. A takarda abin yakan fito daidai, amma da an kai rubutun wata kwamfuta sai ya rikiɗe ya zama tarkacen alamomi. Da masu aikin DiLAF suka tashi ɗora ƙamusoshin Hausa da Barbarci da Tamajak da Zabarmanci a intanet, mayar da baƙaƙen zuwa Unicode na cikin ayyukan da sai da suka fara yi. Ya kamata mu tambayi kanmu yawan kundaye da tatsuniyoyi da bayanan bincike da ke kwance a tsofaffin na'urorin sassanmu cikin irin wancan hali, waɗanda in ba a ceto su yanzu ba, za su ɓace tare da na'urar.

Bincike da jerantawa su ne inda abin ya fi ba mai nazarin harshe sha'awa. A wurin Unicode, é haɗi ce ta e da alamar da ke kanta, don haka manhaja na iya cire alamar ta gane cewa wanda ya nemi ecole yana nufin école. Ƙ ba haka take ba: baƙi ce mai zaman kanta da ba a rarraba ta. Saboda haka akwatin bincike da ba a koya masa Hausa ba, in ka rubuta masa kasa ba zai kawo maka ƙasa ba, in ka rubuta ƙasa kuma zai ɓoye maka duk rubutun da aka yi ba ƙugiya. Marubucin da ya bi ƙa'ida shi ne aikinsa ke ɓacewa daga idon masu nema. Haka jerin sunaye: manhajar da ke bin lambobin baƙaƙe kawai za ta jefa Ɗanladi can bayan Zakari, maimakon kusa da Dauda. Ɗan wakafin da ke cikin jama'a da sana'a da ma'ana shi ma yana shan irin tasa. A Hausa baƙi ne mai wakiltar sautin hamza, amma manhajar da aka gina domin Faransanci ta saba ganin sa a matsayin mahaɗin kalmomi biyu, sai ta datse sana'a gida biyu. Duk wanda zai ƙirga kalmomi a rumbun rubutun Hausa domin kundinsa, ya binciki wannan kafin ya amince da alƙaluman da na'ura ta ba shi.

Har aljihu abin ya taɓa. Gajeren saƙon waya na ɗaukar baƙaƙe 160 muddin dukkansu suna cikin jerin da aka tsara domin harsunan Yammacin Turai. Da zarar baƙi ɗaya ya fita daga jerin, sai saƙon ya koma wani tsari mai ɗaukar 70 kacal. É tana cikin jerin, ƙ ba ta ciki. Ma'ana, hukumar lafiya ko ƙungiyar manoma da ke son aika sanarwa da ingantacciyar Hausa ga dubban mutane za ta iya biyan ninki biyu ko uku na abin da za ta biya in ta zubar da ƙugiya. Babu wanda ya zauna ya ƙulla wa Hausa wannan da gangan. An dai tsara abin ba a tuna da mu ba, kuma sakamakon ɗaya ne: an sa wa bin ƙa'ida haraji.

Bayan baƙaƙe akwai kalmomin da manhaja ke fuskantar mu da su. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook ya buɗe fuskarsa ta Hausa a 2016, Microsoft ma ya fassara Windows. Wannan ci gaba ne da ya cancanci yabo. Sai dai Hausar da ke ciki ta Najeriya ce, da kalmomin aro daga Ingilishi, alhali ɗan Maraɗi ko Tawa ko Dogondutsi ya aro nasa ne daga Faransanci: yaronsa na zuwa lakwal, malaminsa mushe ne, wayarsa salula ce. Ba na kiran a raba Hausa gida biyu, domin daidaitacciyar Hausa dukiya ce da muka haɗa da ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka, kuma littattafansu da finafinansu sun daɗe da zama namu. Abin da nake cewa shi ne maɓallin da mutum zai danna ya tura kuɗinsa ba wurin koya masa sabuwar kalma ba ne.

Misalin kuɗi ya fi kowanne fito da wannan fili. A kasuwannin Nijar da dala ake ƙirge, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. Abin da allo ya nuna 500, mai sayar da tumatir dala ɗari take kiran sa, 1000 kuma jikka ce. A ce an ƙera manhajar tura kuɗi mai magana da murya domin waɗanda ba su yi karatun boko ba, aka fassara 500 kai tsaye aka ce ɗari biyar. Mai sauraro zai ji dala ɗari biyar, wato sefa 2500. Fassarar daidai take a nahawu, amma ta ninka kuɗin sau biyar a kunnen mai shi. Injiniya ba zai gano wannan a cikin lambobinsa ba. Wanda ya karanci ilimin walwalar harshe, ya kuma san kasuwa, shi zai gano shi tun kafin a yi asara.

Na san hujjojin da za a kawo, kuma ba na raina su. Za a ce rubutun Hausa dama ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, amma muna karantawa lafiya, don haka rashin ƙugiya ma mahallin jimla zai cike shi. Gaskiya ne Bahaushen da ya ƙware yakan gane. Amma daidai saboda mun riga mun bar karin sauti da tsawon wasali ne bai kamata mu ƙara wa mai karatu wani nauyi ba. Fada a rubuce tana iya zama fadar sarki, in aka cire ƙugiyar faɗa kuma sai ta haɗa da rigima da furtawa da faɗuwa cikin rami. Yaron da ke aji biyu a makarantar harsuna biyu, da Bazabarme ko Bafillace mai koyon Hausa, ba su da ƙwarewar da za su warware wannan. Na'urar da ke karanta wa makaho rubutu da murya ma ba ta da ita. Sannan manhajojin fassara da na ƙirƙirarriyar basira daga rubutun da muka zuba a intanet suke koyo. In mun shayar da su gurɓatacciyar Hausa, ita za su dawo mana da ita, da sunan ƙa'ida.

Za a kuma ce jama'armu da saƙon murya suka fi aiki, rubutu na ƴan boko ne. Haka ne a hira tsakanin dangi. Amma takardar haihuwa, da jerin sunayen jarrabawa, da umarnin shan magani, da dokar ƙasa, duk a rubuce suke. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Kowane irin ra'ayi mutum yake da shi game da wannan mataki, tambaya ɗaya tana nan: sakataren da ke ma'aikata zai iya buga wasiƙa da Hausa a kwamfutar da ke gabansa ba tare da ya sha wuya ba? In amsar a'a ce, matsayin zai tsaya a takarda. Matsalar kuma ba ta Hausa kaɗai ba ce. Fulatanci na da ɓ da ɗ da ƴ da ŋ, Zabarmanci na da ɲ da ŋ da wasula masu alamar hanci, Tamajak na da ɣ da baƙaƙe masu ɗigo a ƙasa. Barbarci na da ǝ, wadda ke da tagwai a Unicode mai kama da ita sak amma lambarsu dabam, har mutum biyu su rubuta kalma ɗaya na'ura ta ɗauke su kalmomi biyu.

Daga nan ne nake ganin aikinmu ya fara. Abu mafi gaggawa shi ne madannai guda na ƙasa, waɗanda za su bar AZERTY yadda hannu ya saba da shi, su ƙara baƙaƙen dukkan harsunanmu ta hanya mai sauƙin tunawa: a riƙe maɓalli ɗaya a danna k a samu ƙ, a danna d a samu ɗ. Manhajar Keyman, wadda kyauta ce, an yi ta ne domin irin wannan aiki, kuma ɗalibai biyu, ɗaya daga sashenmu ɗaya daga tsangayar kimiyya, za su iya gama shi cikin zango guda. Abin da ya fi ƙirar wuya shi ne a amince da tsari ɗaya, a girka shi a ɗakunan kwamfuta na Jami'ar Abdou Moumouni, sannan a nemi INDRAP da hukumar ANSI su ɗauke shi zuwa makarantu da ma'aikatu. A waya kuwa aikin ya riga ya yi sauƙi, domin Gboard na da Hausa, kuma kunna ta bai fi minti ɗaya ba.

Sashenmu kuma yana da ikon da bai buƙatar izinin kowa. Yana iya shar'anta cewa duk kundin da aka miƙa ya kasance cikin Unicode, a kuma ajiye kwafinsa da za a iya bincika, domin a hankali mu tara rumbun Hausar Nijar mai tsafta. Yana iya karɓar gwajin manhaja a matsayin batun bincike na digiri: a zaunar da ƴan kasuwa goma daga Katako, a ba su waya, a ce su tura kuɗi ko su nemi lamba, a rubuta inda kowanne ya tsaya da kalmar da ta ruɗe shi. Wannan binciken fili ne kamar tattara karin harshe a ƙauye, kuma sakamakonsa yana da masu buƙata. Rumbun bayanan harsuna na Unicode, wanda manyan kamfanoni ke ɗiban sunayen watanni da tsarin jerantawa daga cikinsa, ya tanadi gurbi na musamman domin Hausar Nijar, kuma masu jin harshe ne ke cike irin wannan gurbi. Haka Wikipedia ta Hausa da shirin tattara muryoyi na Mozilla a buɗe suke ga kowa. In muryoyin Damagaram da Tawa ba su shiga ba, na'urar gobe ba za ta ji mu ba in mun yi mata magana.

Ga masu tsara shafukan intanet na ma'aikatu da jaridu, buƙatunmu kaɗan ne. Su zaɓi zubin da ke da baƙaƙenmu. Su sanya wa shafin alamar ha, wadda ke shaida wa na'ura cewa Hausa ce, don ta daina ja wa kowace kalma jan layi. Su bar gurbin suna ya karɓi ƙugiya da ɗan wakafi, domin Sa'adatu da Ɗanjuma su rubuta sunansu yadda iyayensu suka raɗa musu. Su sa akwatin bincike ya kawo ƙasa ko da kasa aka rubuta, ya kuma fifita wadda ta dace daidai. Kuma su tuna cewa mafi yawan masu ziyartar su da ƙaramar waya suke zuwa, da ƴan kuɗin intanet da aka saya na yini ɗaya, don haka shafi mai nauyin hotuna ƙofa ce a rufe.

Ba na wanke marubuci daga dukkan alhaki. Ɗalibin harshe da ke da madannan Hausa a wayarsa amma ya rubuta kasa yana nufin ƙasa, ba shi da uzuri, kuma malami na da damar ya rage masa maki. Amma kafin mu tsawata wa sauran jama'a, mu fara sauƙaƙa musu hanya. Waɗanda suka gabace mu sun yi taro a Bamako da Yamai, sun yi muhawara a kan kowane baƙi, sun bar mana tsayayyen rubutu. Abin da ya rage wa tsaranmu shi ne mu kai waɗannan baƙaƙe ƙarƙashin yatsun mutane, kuma kayan aikin duk suna nan, mafi yawansu kyauta. Ina roƙon shugabannin sashe su sa batun madannan ƙasa a ajandar taronsu na gaba, mu kuma ɗalibai mu kawo samfurin farko kafin ƙarshen wannan shekarar karatu.